Kafin Ka Tura Ɗanka Karatun Wasan Kwaikwayo, Je Ka Ga Dandamalin

Daga watan Janairu zuwa Maris na kowace shekara, cibiyoyin rajistar JAMB da ke Karu da Nyanya da Mararraba kan cika maƙil da yara, kusan kowannensu riƙe da 'yar takardar da aka rubuto masa daga gida: likitanci, aikin lauya, injiniyanci, akanta. A cikin wannan layi akwai 'yan tsiraru da zuciyarsu ke wani wuri dabam. Su ne yaran da suka fi kowa murya a walimar saukar karatu ta Islamiyya ko a ƙungiyar mawaƙan coci, su ake ba babban matsayi duk ranar da makaranta za ta yi wasa a bikin ba da kyaututtuka. Idan irin wannan yaro ya yi ta maza ya ce, "Baba, ni wasan kwaikwayo nake so in karanta, mai waƙa da rawa," ɗaya daga cikin biyu ke faruwa. Ko a kashe maganar da tsawa, ko a ce to, Allah Ya sa albarka, a cike masa jami'ar da ta fi kusa da gida ko wadda ta fi suna, ba tare da kowa ya bincika abin da ake yi a cikinta ba.

Da iyaye na kashi na biyu nake magana. Sun riga sun yi mai wuyar, sun amince, sai kuma suke sakaci da mai sauƙin. A wannan fanni sunan jami'a ba ya koya wa yaro komai. Sana'a ce ta murya da jiki, a tsaye ake koyonta, a kan dandamali, gaban malamin da zai tsayar da kai ya gyara maka kuskure nan take. Sashen da ba ya ɗora ɗalibansa a dandamali a kai a kai zai miƙa wa ɗanka digiri bayan shekara huɗu, yaron kuma ya dawo gida ba tare da abin da ya je nema ba.

Sai an san nauyin aikin kafin a gane dalili. Wanda zai fito a wasa mai waƙa yana ɗauke da aiki uku lokaci guda. Zai riƙe halin mutumin da yake kwaikwayo. Zai rera waƙa da muryarsa ta gaske ba tare da ta saki kiɗa ba. Zai kuma taka rawa ko ya yi ta kai da komo a dandamali numfashinsa bai yanke ba, kusan sa'a biyu, gobe ya sake, jibi ma haka. Muryar da ba a horar ba dushewa take yi kafin a gama kwanakin wasan. Don haka ake koyon jawo numfashi daga ciki maimakon matse maƙogwaro, da ɗumama murya kafin a fara, da jefa magana ta isa kujerar ƙarshe ba tare da ihu ba, da ƙirga bugun kiɗa da ƙafa alhali baki na faɗin wani abu dabam. Babu ko ɗaya a cikin waɗannan da ake samu a takardar lacca.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Yaran da ke fita tashe daga goma ga watan azumi abin da suke yi ke nan. Jatau Mai Magani, Mairama da Daudu, da Macukule wanda a nan ƙasar Gbagyi kowa ya san barkwancin da ke cikinsa, duk labari ne da ake bayarwa da sutura da waƙa da amshi da taku. Ga 'yan kama masu kwaikwayon malamai suna wa'azin tuwo da miya, ga 'yan gambara, ga wasan gauta na matan fada, ga kalankuwar samari bayan an kawar da amfanin gona. Marigayi Ɗanmaraya Jos, daga shi sai kuntiginsa, yakan sauya murya ya zama mutum biyu ko uku a waƙa ɗaya, mai sauraro bai ruɗe ba. Yarabawa ma suna da nasu. Hubert Ogunde ya fara nuna wasansa mai waƙa a zauren Glover da ke Legas a 1944, Duro Ladipo kuma ya kai wasansa Oba Koso har Jamus a 1964. Inda suka sha gabanmu shi ne sun shigar da abin jami'a da wuri. Makarantar wasan kwaikwayo ta Jami'ar Ibadan, da aka buɗe a farkon shekarun 1960, ta gayyato Kola Ogunmola, ɗan wasan da ke yawo gari gari da ƙungiyarsa, ya zauna da malamai da ɗalibai suka yi aiki tare.

Mu tamu hanyar ta sinima ta bi. Tun shekarun 1960 gidajen sinima na Kano da Kaduna da Jos suka riƙa nuna finafinan Indiya, har kunnen Bahaushe ya saba da labarin da ake yankewa a rera waƙa. Da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990, ƙofa ta buɗe, kuma zuwa lokacin fim ɗin Sangaya, wajen shekarar 2000, waƙa ce ke sayar da fim. To amma a lura da yadda aka raba aikin. Mawaƙi ya shiga situdiyo ya rera, mai fiyano ya buga masa kiɗa, a kai wa jarumi kaset ya yi mamin gaban kyamara. In ya yi kuskure a yanke a sake. Wannan tsari ya haifar da ɗaruruwan finafinai da mawaƙa masu farin jini, ya ciyar da gidaje da yawa, ba na raina shi. Sai dai bai taɓa buƙatar mutum ɗaya da ya haɗa aikin nan uku ba, shi ya sa bai taɓa matsa wa kowa ya gina makarantar da za ta horar da irinsa ba. Al'ummar da ta fi kowa a Najeriya son labari mai waƙa da rawa ita ce ta fi ƙarancin wurin koyonsa.

Nan ne yara da iyaye kan kawo hujjar Ali Nuhu. Ai labarin ƙasa ya karanta a Jami'ar Jos, ga shi tun Janairun 2024 shi ke shugabantar Hukumar Fim ta Najeriya. Gaskiya ne. Amma shi da tsararrakinsa sun koyi aikin ne a bakin aiki, a zamanin da kasuwar kaset ke haɗiye duk abin da aka kai mata, ana fim bayan fim, mutum na gogewa ana biyansa. Wannan kasuwa ta mutu. Yaron yau zai shiga fagen da kowa ke da kyamara a aljihu, abin da zai bambanta shi da dubban masu ɗora bidiyo a YouTube da TikTok shi ne horon da ba su da shi.

Matsala ta gaba tana ƙofar shiga. A Amurka, jami'o'in da suka yi suna a wannan fanni, irin su Carnegie Mellon da Michigan da Cincinnati, ba sa ɗaukar yaro sai ya tsaya gaban malamai ya rera, ya yi rawa, ya kawo wani yanki na wasa da ka. Masu nema da yawa, gurabe kaɗan, aji ƙarami. A nan galibi maki ne ke shigar da yaro. Ya sami kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da adabin Turanci, ya zauna JAMB da adabin a cikin darussansa, ya kai makin da aka yanka, shi ke nan, ba wanda ya ji muryarsa. (Wannan adabin Turanci kuwa shi ne ke kayar da yara da yawa. Wanda ya bi ajin kimiyya ko kasuwanci a sakandare sai a wurin rajista yake gano ba shi da shi. Maganar tun aji huɗu na sakandare ya kamata a yi ta.) Sakamakon wannan tsari kowa ya san shi a harabar jami'a: ajin wasan kwaikwayo kan cika da waɗanda suka nemi aikin lauya ko aikin jarida, makinsu bai kai ba, aka turo su nan. Wasunsu kan kamu da son abin daga baya, har su fi waɗanda suka zo da niyya. Amma da yawa zaman jiran digiri suke yi, kuma malami ɗaya ba zai iya gyara muryar mutum ɗari ba.

Tunda makarantar ba za ta gwada ɗanka ba, kai ne za ka gwada makarantar.

Mazaunin Karu yana da wurare biyu kusa. Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi tana da sashen wasan kwaikwayo da nazarin al'adu, miƙe titi ɗaya daga Mararraba. Jami'ar Abuja, da aka kafa a 1988, wadda gwamnati ta sanar da sauya mata suna zuwa Jami'ar Yakubu Gowon a ƙarshen 2024, ita ma tana da sashen wasan kwaikwayo, sai dai sai ka ratsa birnin gaba ɗaya ka nufi hanyar filin jirgi da Gwagwalada. Daga nan sai Zariya. Michael Etherton ne ya fara koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello a 1975, kuma gidan wasan da Steven Ehrlich ya zana aka gina da ƙasa, a siffar gidan Bahaushe mai ɗakuna kewaye da tsakar gida, yana cikin wuraren wasa mafi kyawun tunani a ƙasar nan. Abin da ya fito da sunan Zariya a duniya shi ne wasan wayar da kai, wanda Salihu Bappa da Oga Steve Abah da abokan aikinsu suka raina: ɗalibai su shiga Samaru ko ƙauyukan kewaye, su zauna da mutane, su mayar da matsalar ruwa ko taki ko asibiti wasan da za a yi a dandalin gari. Horo ne mai daraja, kuma yana kai mutum ga aiki. Amma yaron da burinsa waƙa ne ya san cewa wannan ne tushen gidan.

Jos tana da sashen wasan kwaikwayo da fim, kusa da Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa, ga kuma ƙungiyar Jos Repertory Theatre da Patrick-Jude Oteh ya kafa a 1997, wadda ke shirya bikin wasanni a garin. Ɗalibi a can yana ganin ƙwararru na aiki a wajen makaranta. Jami'ar Bayero tana da nata sashen a tsangayar sadarwa, a garin da Kannywood take, kuma ga wanda zai yi aiki da Hausa wannan kusanci ba ƙaramin abu ba ne.

Wanda kuma ya nace sai inda aka haɗa ukun a ƙarƙashin rufi ɗaya, ya dubi Jami'ar Ilorin, inda sashen da marigayiya Zulu Sofola ta jagoranta ya ƙunshi wasa da kiɗa da rawa, ko sashen fasahar ƙirƙira na Jami'ar Legas. A Legas ɗin ne kuma makarantar MUSON da ke Onikan ke ba da difloma ta shekara biyu a kiɗa da waƙa. Dole a faɗi gaskiya: sassan koyar da kiɗa sun fi yawa a Kudu, tun daga na Nsukka da aka buɗe a 1961, a Arewa kuwa ƙalilan ne. Don haka a yawancin wuraren da ke kusa da mu, waƙa da rawa kwasa-kwasai ne 'yan kaɗan a cikin digirin wasan kwaikwayo, ingancinsu kuma ya dogara ga ko akwai malamin da ya iya a wannan shekarar. Malami ɗaya ya yi ritaya ko ya tafi ƙarin karatu, sai fannin ya kwanta. Shi ya sa labarin da maƙwabcinka ya ba ka na yadda sashe yake shekara goma da suka wuce ba zai amfane ka ba.

Gani ya kori ji. Ba wanda ke kai ɗansa koyon ɗinki bai leƙa shagon ya ga ko akwai keke ba, amma sai a miƙa yaro shekara huɗu ga sashen da uba bai taɓa taka ƙafarsa ba. Waɗannan sassa suna nuna wasannin ɗalibai, musamman wajen ƙarshen zango, kuma kowa na iya shiga da ɗan kuɗin ƙofa. Ka ɗauki yaron da mahaifiyarsa ku je ku zauna a kujerar baya. Ba sai ka karanci fannin ba. Kana jin abin da suke faɗa daga inda kake? Waƙar da bakinsu suke yi da makaɗa a gefe, ko kuwa na'ura aka kunna suna motsa leɓe? Mutum biyar ne ke wasan sauran arba'in na tsaye a matsayin jama'ar gari? Kunnen da ya saba da Shata da Barmani Choge ya isa ya gane muryar da ta saki kiɗa.

Bayan wasan ka nemi ɗaliban aji uku, domin su sun daɗe har sun san gidan, ba su kuma kai lokacin da za su rufa masa asiri don sun kusa fita ba. Ka tambaye su wasa nawa suka hau tun shigarsu, su nawa ne a aji, wa ke koya musu murya kuma sau nawa a mako. Ka tambayi inda suke rawa, don rawa kullum a kan siminti gwiwa take ci. Ka tambayi wa ke biyan kuɗin sutura da fenti da man janareta idan za a yi wasa, domin sau da yawa ɗalibai ne ke karo-karo, kuma wannan kuɗi ba ya cikin takardar kuɗin makaranta da za a nuna maka. Sannan ka shiga ofishin shugaban sashe da ladabi ka ce, "Ranka ya daɗe, ina so in ga fiyano da gangunan da yara ke koyo da su." Malamin kirki murna zai yi, don ba kasafai iyaye ke zuwa ba. Ka kuma tabbatar da matsayin kwas ɗin a wurin hukumar kula da jami'o'i ta NUC. Amincewarta hawa uku ce: cikakkiya, ta wucin gadi, da wadda aka hana. Kwas ɗin da aka hana ba a yarda ya ɗebi sababbin ɗalibai ba. Su kuwa makarantun fim da waƙa masu zaman kansu da ke talla a Abuja, na wata uku ko wata shida, wasu na koyar da abin kirki, amma in takardar shaida kake so sai ka duba ko hukumar kula da ilimin fasaha ta NBTE ta san da su.

Duk sashen da ka zaɓa a kusa, ka ƙudurta cewa za a yi ciko daga waje, kuma a nan Karu ta fi garuruwa da yawa arziki. Gari ne da Bagbagyi da Bahaushe da Tibi da Eggon da Ibo da Bayarabe ke katanga ɗaya. Yaron da ya taso a coci yana da mawaƙan da ke rera murya huɗu, yana da matan zumunta da tulunansu da waƙoƙinsu na Hausa, sau da yawa ma akwai wanda ya iya karanta rubutun kiɗa. Yaron da ya taso a Islamiyya ya riga ya san riƙe numfashi da fitar da harafi daga mafitarsa, ya san amshi da ƙasida. Akwai makaɗan kalangu da na gurmi da ke zuwa bukukuwa a Mararraba da Masaka, waɗanda hutun zango ɗaya a hannunsu zai ba yaro abin da ba ya cikin manhaja. Wannan ciko shi ne kuma garkuwa ranar da aka rufe jami'a. Yajin aikin ASUU na 2022 wata takwas ya yi. Ɗalibin tarihi zai iya karatu a ɗaki, amma murya da jikin da suka yi wata takwas ba atisaye baya suke komawa.

Yanzu ga abin da ke hana iyaye barci, wanda ba na ɗauka da wasa. Rihasal da dare ake yi, saboda rana ta lacca ce, kuma idan wasa ya matso yakan kai tsakar dare. Wannan kaɗai ya rushe dabarar da iyayen Karu da yawa ke yi ta cewa yaro ya riƙa zuwa Keffi daga gida don a huta da kuɗin ɗaki. Duk wanda ya san cunkoson Nyanya da Mararraba safe da yamma, ya kuma san hanyar da dare, ba zai so 'yarsa a kanta ƙarfe goma sha ɗaya ba. Ko dai a nemi ɗakin kwana a cikin makaranta, kusa da wurin rihasal, ko yaron ya zama wanda kullum ke neman izinin tafiya da wuri, irin wanda darakta ba ya ba matsayi. A tambaya ko malami na zama har a tashi, ko kuwa ɗalibai ake bari su kaɗai. A tambayi hanyar da ɗaliba za ta kai ƙara idan wani ya nemi ya yi amfani da maki ko matsayi ya matsa mata. Akwai kuma bikin karɓar sababbin ɗalibai da sassa da yawa ke yi, inda ake ɗaura zane a shafa farar ƙasa a zagaya harabar makaranta da kiɗa. Malamai na ɗaukarsa al'adar sana'a, iyaye da yawa, Musulmi da Kirista, hankalinsu ba ya kwanciya da shi. Gara a tambaya tun farko me ake yi a ciki, kuma ko dole ne.

Maganar addini ba za a kauce mata ba. Malamai sun saɓa a kan kiɗa tun ba yau ba, kuma al'ummarmu ba ta gama yanke wa wannan sana'a hukunci ba. Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001. A 2016 gwamnatin tarayya ta janye shirin gina ƙauyen fim a Kofa, ƙaramar hukumar Bebeji, bayan malamai da jama'a sun yi ca a kansa. Yaron da zai shiga fannin cikin wannan yanayi zai rayu, kuma 'ya mace ta fi ɗaukar zafinsa. Abin da na tsaya a kai shi ne gida ya yanke iyakarsa kafin a cike takarda. Idan kun san ba za ku yarda 'yarku ta yi rawa gaban jama'a ba, ku faɗa mata yau. Zalunci ne a bari ta yi shekara huɗu tana horo sannan a ce ta ajiye. Kuma akwai faɗi a cikin fannin: rubutun wasa, ba da umarni, tsara sutura, fitilu, sarrafa sauti, tsara waƙa, kula da dandamali. Wasa mai waƙa yana cin ma'aikatan bayan fage da yawa, su ne ma suka fi samun aiki a kai a kai. Sai a tambayi sashen ko ɗalibin da ya ce wani matsayi ya saɓa wa imaninsa zai rasa maki, ko za a ba shi wani aikin.

"To in ya gama, me zai ci?" Tambayar uwa ke nan, kuma tana da gaskiya. Kasuwar manyan wasanni masu waƙa a Najeriya a Legas take. Tun da aka kawo wasan Fela daga Broadway a 2011, sai Uche Nwokedi ya fito da Kakadu, Bolanle Austen-Peters ta Terra Kulture ta fito da Saro, duk a 2013, ta biyo da Wakaa wanda ya je Landan a 2016. Sun nuna cewa ɗan Najeriya zai sayi tikiti mai tsada ya kalli wasa. Amma yawancinsu a Disamba da lokacin Ista ake yi, ɗan wasa kuma aikin 'yan makonni yake samu. Abuja ba ta kai nan ba. Cibiyar al'adun da aka fara ginawa tare da hasumiyar Millennium wajen shekara ashirin da suka wuce har yau ba ta zama gidan wasa ba, masu shirya wasa sai su nemi cibiyar Cyprian Ekwensi da ke Area 10 ko su yi hayar zauren otal. Wanda ya karanci fannin nan a Arewa da sana'o'i da yawa yake rayuwa: shirye-shiryen Arewa24 irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, wasannin rediyo, ɗora murya a talla da finafinan da ake fassarawa, aikin wayar da kai na ƙungiyoyin lafiya da zaman lafiya da suka cika Abuja, koyarwa a makarantu masu zaman kansu da ke son mai shirya musu wasan ƙarshen shekara. Duk waɗannan wanda ya iya suke nema, kuma a gwajin minti biyar ake gane shi. Lamunin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 zai taimaka da kuɗin makarantar gwamnati, amma bashi ne, biyansa kuma sai da sana'a a hannu.

Masu hali kan yi tunanin waje, suna nuna Cynthia Erivo, 'yar iyayen Najeriya da ta yi makarantar wasan kwaikwayo ta RADA a Landan ta ci lambar Tony a 2016. A can aka haife ta, a can kasuwarta take. Digirin farko a irin waɗannan makarantu dubban daloli ko fam ne a shekara, salon waƙar da ake koyarwa na dandamalinsu ne, izinin zama don yin aikin wasa bayan karatu kuma da wuya yake. Ban ga hikimar sayar da fili a Kurudu ko Jikwoyi saboda wannan ba. Ya yi na farko a gida, ya hau dandamali ya san kansa, in ya so ya nemi tallafin digiri na biyu.

Sauran nauyin na jami'o'inmu ne. Sabon tsarin manhaja da NUC ta fitar a ƙarshen 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cike da abin da ya dace da yankinta. Wannan fili ya isa a gina horon waƙa da rawa da wasa na Hausa, daga tashe zuwa amada, da malamin murya na dindindin, da makaɗa a cikin aji. An taɓa kamanta haka. Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙungiyar wasanta a shekarun 1970, lokacin da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da littafin Shaihu Umar wasan dandamali. Jami'ar ta kuma ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988. Girmamawa ba ta da wuya. Abin da ke da wuya shi ne majalisar jami'a ta samar da gurbi da albashi ga makaɗin kotso ko uwar amada da ba su da takardar sakandare, su koyar, makinsu ya shiga sakamakon ɗalibi. Ma'aikatar al'adu da tattalin arzikin ƙirƙira da aka kafa a 2023, aka kuma damƙa wa Hannatu Musawa, za ta iya ɗaukar nauyin irin waɗannan gurabe da kuɗin da bai kai na biki ɗaya ba. Manyan makaɗan da suka rage tsufa suke yi. Sashen da ya fara shigo da su aji, a Keffi ne ko Zariya ko Kano, shi zan fara nuna wa duk uban da ya tambaye ni daga Karu.